Folik asid yana sauke suga ne, ko zancen WhatsApp ne kawai?

Ɗan Misfala, Makka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a guruf-guruf na 'yan uwanmu na Makka da Jidda, wai ƙwayar folik asid, 'yar ƙaramar nan da ake ba mata masu ciki, tana sauke suga, har wai wanda ya lazimce ta zai iya rage maganin asibiti. Ga ta da araha, ga ta ba wuyar samu, shi ya sa dattawa da yawa suka karɓi zancen hannu bibbiyu.

Tambayata ga masana: akwai ƙamshin gaskiya a ciki? A ce mutum ya haura hamsin, shekara shida yana shan munazzim, wato maganin suga metfomin, 1000 da safe 1000 da dare, tarakuminsa (gwajin matsakaicin suga na watannin baya) na ƙarshe 7.8, kwanan nan kuma tafin ƙafarsa ya fara yi masa mindirya. Zai iya ƙara folik asid a kan maganinsa? Kuma wacce zai saya? Akwai mai lamba 400, akwai mai lamba 5. Wasu na cewa a fara da ta 5 tunda ita ce ƙarama.

Mai Saidaliyya (kantin magani), Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da lambobin, don nan aka fi yin tuntuɓe. Ta 400 maikrogiram ce, ta 5 kuwa miligiram. Miligiram ɗaya maikrogiram 1000 ne, ka ga ke nan ta 5 maikrogiram 5000 ce, ta ninka waccan sau goma sha biyu da rabi. Ita ce babbar, ba ƙaramar ba. Baligi yana buƙatar kimanin maikrogiram 400 a rana, abinci ma yakan cike masa wannan, kuma iyakar da aka gindaya wa mai sha don raɗin kansa ita ce maikrogiram 1000 a rana. Ta 5 magani ce da likita ke rubutawa saboda dalili takamaimai.

Batun sauke suga kuma, an yi gwaje-gwaje da dama a kan manya, aka tattara sakamakonsu wuri guda. Abin da ya fi bayyana shi ne insulin, wato sinadarin da ke sauke suga, wanda ke cikin jini da safe kafin a karya yakan ɗan ragu, alamar jiki ya ɗan ƙara jin insulin. Shi kuwa sugan safe, wani nazarin ya ga ɗan saukin da bai taka kara ya karya ba, wani bai ga komai ba. Tarakumi, wanda da shi likita ke yanke hukunci, bai motsa ba a yawancinsu. Metfomin shi kaɗai yakan sauke tarakumi da kusan maki ɗaya. Ba su ma kama hanyar zama sa'o'in juna ba, balle a ce wannan ya maye gurbin wancan.

Inda zancen ya samo asali, akwai wani sinadari a jini da ake kira homosisteyin. An lura masu suga da masu ciwon zuciya sukan same shi da yawa, folik asid kuma yana sauke shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai aka yi zaton in ya sauka sauran matsalolin za su bi shi. Da aka gwada, lambar ta sauka, bugun zuciya bai ragu ba. Gwajin da ya fi ba folik asid gaskiya shi ne wanda aka yi a ƙasar Sin, aka fitar da sakamakonsa a 2015: mutum fiye da 20,000 masu hawan jini, aka ba rabinsu miligiram 0.8 tare da maganin hawan jinin. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu, amma yawan waɗanda suka kamu da suga daga baya bai ragu ba. Kuma a lura, a Sin ba a tilasta zuba folik asid a garin alkama ba, alhali a nan Saudiyya tun 2001 ake zuba shi. Duk mai karyawa da burodin tamis ko samuli yana samun rabonsa bai ma sani ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka ba sugan ba ne, mindiryar nan ce. Metfomin yana rage yadda hanji ke tsotse bitamin B12. Hanta tana da ajiyar B12 ta shekara biyu zuwa biyar, shi ya sa ba a ganin komai a farko, sai an yi shekaru ana sha, musamman mai shan 2000 a rana. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce ƙarancin na iya shafar har mutum ɗaya cikin goma masu shan maganin. In kuma mutum na haɗawa da maganin ƙwannafi irin omefirazol, wanda dattawa da yawa ke sha kullum ba ƙaƙƙautawa, abin ya ƙaru, domin sai da ruwan tsamin ciki ake raba B12 daga nama.

Ƙarancin B12 yana ɓarna biyu: yana rage jini, yana kuma cin jijiyoyin ji da laka. Folik asid mai yawa yana iya gyara jinin, amma ba ya taɓuka komai ga jijiyoyin. Sai a auna jini a ga ya cika, hankalin kowa ya kwanta, a jingina mindiryar ga suga, ɓarnar kuma tana ci gaba a ƙarƙashi. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Jijiyar da ta daɗe a lalace kuwa ba lalle ta dawo daidai ba ko da an gano daga baya. Wannan dattijo kada ya sayi ko ɗaya cikin biyun tukuna, ya fara auna B12.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji, Madina

Sannu da ƙoƙari, Yaya. Bari in ɗora daga ɓangarenmu na masu tahlil, don akwai abin da zai sa wani ya rantse da Allah cewa folik asid ya sauke masa tarakumi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai fahimci abin da ya faru ba.

Tarakumi, wanda ake rubutawa HbA1c a takarda, ba sugan da ke yawo a jini yake aunawa ba. Yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne. Ƙwaya ɗaya tana rayuwa kimanin kwana 120, iya daɗewarta iya sugan da za ta kwasa. In mutum na da ƙarancin jini saboda rashin folet (wato folik asid na cikin abinci da jiki) ko B12 ko sinadarin ƙarfe, ɓargo ba ya fitar da sababbin ƙwayoyi yadda ya kamata, sai tsofaffi su yi rinjaye, tarakumi ya fito sama da gaskiyarsa. Ranar da aka ba shi abin da ya rasa, ɓargo ya farka ya antayo sababbi waɗanda ba su kwashi suga ba tukuna, lambar sai ta faɗi. Sugan jikinsa yana nan inda yake, ma'aunin ne ya sauya. Wanda ya rage magani bisa wannan faɗuwar ya cuci kansa.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, a gwada tarakumi da jihazin gida, wato na'urar auna suga ta yatsa. Tarakumi 7 yana daidai da matsakaicin suga kimanin 154, 7.8 kuma kimanin 177. In tarakumi ya sauka amma lambobin yatsa na safe da na bayan abinci ba su sauya ba, a yarda da yatsa.

Masu sikila kuwa nasu a juye yake, kuma su ne aka fi rubuta wa folik asid a cikin jama'armu. Ƙwayar jinin mai SS kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, don haka tarakumi ba shi da amfani a kansa sam. Mai AS ana iya yi masa, amma wasu injinan kan rikice, sai a faɗa wa mai gwajin tun kafin ya ɗebi jini. Wanda ya yi gwajin kafin aure, wanda aka wajabta a ƙasar nan tun 2004, rukuninsa na nan a takardar. Haka mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da Larabawa ke kira animiyar ful (ful wani irin wake ne), da wanda aka ƙara wa jini ko ya zubar da jini kwanan nan, duk tarakuminsu kan fito ƙasa da gaskiya. Irin waɗannan akan yi musu gwajin furuktosamin, mai nuna sugan sati biyu zuwa uku na baya, ko su dogara da jihazi ko na'urar da ake mannawa a damtse.

Ga dattijon da aka yi tambaya a kansa, a ɗebi jinin kafin ya haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, domin folet ɗin jini yana tashi nan da nan bayan an sha, sai ƙarancin ya ɓuya. In ya yi allurar bitamin B ta haɗin gambiza da ake yi wa masu ciwon jiki, ya faɗa, ita ma tana ɗaga lambar B12. A nema masa cikakken hoton jini, B12 da folet. A hoton jinin a duba MCV, wato girman ƙwaya: sama da 100 alama ce. Amma fitowarsa daidai ba ta wanke mutum ba, don in akwai rashin ƙarfe ko talasimiya (wani ciwon jini na gado) a tare, ɗaya na ƙanƙantar da ƙwaya ɗaya na kumbura ta, sai matsakaicin ya fito lafiya lau. B12 ƙasa da 200 pg/mL ƙaranci ne. Tsakanin 200 da 300 ana ƙarawa da gwajin MMA, sinadarin da ke hawa a jini in B12 ya yi ƙaranci, sai dai shi ma yakan hau in ƙoda ta yi rauni. Wani ɗakin gwajin da pmol/L yake rubutawa, don haka a duba ma'aunin da ke gefen lambar.

Ɗan ƙarin bayani kan jihazi tunda za a dogara da shi. Kada a bar tsinkayen gwajin a mota, zafin Makka da Madina yana lalata su, yawancinsu ba a so su wuce digiri 30. A rufe kwalbar da zarar an zari ɗaya. A wanke hannu da sabulu a busar, yatsan da ya taɓa dabino zai ba da lambar da za ta tayar da hankalin gida a banza. In jihazin ya nuna 7 ko 8 maimakon ɗari da wani abu, da mmol/L yake ƙirga, a ninka da 18.

Ɗan Misfala, Makka

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To ke nan duk mai suga ya nisanci ta 5 ɗin?

Ungozoma, Jidda

A'a Malam, kada a tafi da wannan fahimtar, akwai waɗanda ita ce daidai da su. Macen da ke da suga tun kafin ciki, nau'i na ɗaya ko na biyu, in tana shirin ɗaukar ciki, ƙa'idar da ake bi a Ingila da asibitoci da yawa ita ce miligiram 5 kullum, ta fara kimanin wata uku kafin ciki ta ci gaba har sati 12. Ƙa'idar Amurka ba ta kai haka ba, daga maikrogiram 400 ta fara, shi ya sa za ka ga likitoci sun bambanta. Kowace ta bi abin da likitarta ta rubuta.

Ba don sugan uwar ake ba ta ba. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, wato kamar sati biyu bayan mace ta ga ɓatan wata. Yawancin mata a lokacin ba su ma je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ba. Suga mai yawa a waɗannan kwanakin yana ƙara haɗarin bututun ya ƙi rufewa, a haifi yaro da buɗaɗɗen baya. Wadda ta fara sha a wata na uku ta makara ga wannan amfanin. Kuma ƙwayar ba ta ɗauke wa mace aikin daidaita suga: ana so tarakumi ya sauka ƙasa da 6.5 kafin ciki in zai yiwu ba tare da sugan na yawan faɗuwa ba, in kuma ya haura 10 shawara ita ce a dakata tukuna. A wannan zaman ne likita zai sauya magungunan da ba su dace da ciki ba, irin na kitsen jini da na hawan jini masu ƙarewa da "pril" ko "sartan", a kuma duba ido da ƙoda. Wadda ta daɗe a kan metfomin ita ma a auna mata B12 kafin ta fara.

Sugan ciki daban ne. Shi yawanci tsakanin sati 24 da 28 ake gano shi, da ruwan suga giram 75 da ake ba mace ta sha. A lokacin bututun ya daɗe da rufewa, ta 5 ba ta da abin da za ta ƙara.

Sai gargaɗi ga 'yan uwa mata masu zuwa gida Najeriya ko Nijar da ciki. A awo can ana ba da Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, daga wata na huɗu. Folik asid miligiram 5 yana rage masa ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa su, ta 400 kuwa ba ta da matsala. Ki nuna wa ma'aikaciyar awo kwalin da kike sha, kada ki ce mata "maganin ƙarin jini" kawai.

Likitan Iyali, Makka

Abokan aiki sun share hanya. Zan ɗan ja da Malam mai saidaliyya a wuri guda: ta 400 ba abin tsoro ba ce, wanda B12 ɗinsa ke lafiya in ya sha ba za ta cuce shi ba. Illarta ita ce ta sa dattijo ya ji kamar ya yi wani abu game da 7.8 ɗin nan alhali bai yi ba.

Mai yawan ce ke da magana, musamman in ƙoda ta taɓu. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gwaji daga Kanada a kan mutum 238 masu suga da ciwon ƙoda. Aka ba rabinsu folik asid miligiram 2.5 haɗe da B6 da B12 masu yawa kullum. Homosisteyin ya sauka kamar yadda aka so, amma aikin ƙodarsu ya fi saurin raguwa, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kuma suka fi yawa a cikinsu. Gyaran gangar Auzinawa. Gwaji ɗaya ne kuma ƙarami, amma ya isa ya hana mai furotin a fitsari sayen bitamin masu ƙarfi da kansa.

Alhaji, ga abin da dattijon zai yi. Ya nemi ganin likita a markaz sihhi, wato cibiyar lafiya ta unguwarsu, ko inda inshorarsa ta ba shi dama, ya tafi da duk kwalayen da yake sha a leda, har da na gargajiya. Bayan gwaje-gwajen da Hajiya ta lissafa, a ƙara da aikin ƙoda da furotin na fitsari, domin metfomin kansa ana rage shi in ma'aunin aikin ƙoda, wato eGFR, ya sauka ƙasa da 45, ana dakatar da shi in ya sauka ƙasa da 30. Ya cire takalmi da safa a duba ƙafar da zaren gwaji mai nauyin giram 10, a taɓa bugun jini a ƙafa, a leƙa tsakanin yatsu.

Akwai alamun da ke karkatar da zato. Mindiryar suga daga yatsun ƙafa take farawa, ƙafa biyu tare, tana hawa a hankali, tana tsananta da dare. Ta B12 takan kama hannu da ƙafa kusan lokaci guda, mutum ya riƙa tangaɗi a duhu ko in ya rufe ido yana wanke fuska wajen alwala, harshe ya yi ja sumul, mantuwa ta ƙaru. Amma sau da yawa biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya, jini ne kawai ke raba gardama.

In B12 ya fito ƙasa, ba a daina metfomin saboda haka, cike gurbin ake yi. Mai alamun jijiya akan fara shi da allura miligiram 1 rana bayan rana har alamun su daina gyaruwa, sannan a koma duk wata biyu. Wanda ba shi da alamun ana iya ba shi ƙwaya maikrogiram 1000 kullum. In folet ma ya yi ƙasa, B12 ake fara bayarwa, folik asid ya biyo baya, miligiram 5 na wata huɗu. Kada a juya jerin.

Akwai masu wasu magungunan da sai da sanin likita za su taɓa folik asid. Mai farfaɗiya da ke shan fenitoyin ko fenobabital, ƙwayar na iya rage maganin a jininsa ciwon ya tashi. Mai shan metotireksat don amosanin gaɓɓai shi rubuta masa ake yi, yawanci miligiram 5 sau ɗaya a sati, ba a ranar da yake shan metotireksat ɗin ba. Mai karɓar maganin kansa irin kapesitabin kuwa, folik asid na iya ƙara masa dafin maganin.

Shi kuma 7.8 ɗin, burin yawancin manya ƙasa da 7 ne, sugan kafin abinci 80 zuwa 130, na awa biyu bayan fara ci ƙasa da 180. Tunda ya kai 2000 na metfomin, abin da ke gaba ko dai a ƙara magani na biyu, ko a gyara faranti da tafiyar ƙasa ta minti 150 a sati, yawanci ma duka biyun. Ya yi sati biyu yana rubuta lambobinsa, safe da bayan abincin da ya fi nauyi, ya kai wa likita. Wanda ke da saurin tambaya kafin ranar ganin likita, lambar Ma'aikatar Lafiya 937 tana aiki dare da rana.

Mai Ba da Shawarar Abinci, Jidda

Tawa gajeriya ce, Baba. In folet ake nema, yana cikin tukunya. Rabin kofi na dafaffen adas, wani ƙaramin wake, yana ba da kimanin maikrogiram 180, alayyafon Larabawa da suke kira sabanikh kimanin 130, wakenmu na gida kimanin 105. Hummus da ful da kuɓewa da mulukiyya da jarjir duk suna da shi. Folet na abinci ba shi da iyakar da aka gindaya wa na ƙwaya, kuma wake da adas suna da ɓawon da ke rage saurin hawan suga, abin da ƙwayar ba ta yi.

Inda muke asara wajen girki ne. Folet yana narkewa a ruwa kuma doguwar wuta tana kashe shi. A tafasa ganye a tsiyaye ruwan a matse, sannan a sake dafa shi awa guda, an zubar da rabonsa a magudana. A sa ganye a ƙarshen miya, minti biyar zuwa goma, a ci da ruwansa. Hanta tana da folet da B12 duka, amma mai ciki ta bar ta saboda yawan bitamin A. B12 kuwa ba ya cikin ganye ko wake, sai nama, kifi, ƙwai da laban, wato nono.

A karin safe, ful ɗin ba shi ne matsala ba, tamis ɗin ne, musamman mai sukari da man shanu a sama. Guda ɗaya cikakke ya fi ƙarfin mai suga. A yanki kwata, a cika kwanon da ful da tumatir da ƙwai, shayi ba sukari, a auna yatsa bayan awa biyu a ga abin da jihazi zai ce. In ya wuce 180, gobe a rage tamis ɗin, ba ful ba.